Famfon da Na Jawo Gindin Tsamiyarmu

Ni ne na yi ba daidai ba. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya karanta rabi ya ɗauka labarin wayona nake bayarwa.

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da karɓar shugabancin ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu ba, wani ɗan garinmu da Allah ya buɗa wa a harkar yadi a Kano ya aiko cewa zai haƙa mana rijiyar burtsatse guda ɗaya, da famfon tuƙa-tuƙa. Ƙauyen namu yana tsakanin Rano da Kibiya, kuma duk wanda ya san yankin ya san halin rijiyoyinmu in bazara ta kama: a zura guga ya dawo da laka. Alhajin ya ce shi babu ruwansa da inda za a haƙa, mu zauna mu zaɓa, abin da jama'a suka so shi za a yi. Dagaci ya kira ni ya ce tunda ni na taɓa boko, in jagoranci zaman. Bokon nan kuwa a ƙaramar sakandare ya tsaya, amma a lokacin ji nake kamar da shawarata aka rubuta littafin lissafi.

Ƙauyenmu kashi uku ne. Akwai unguwarmu, inda masallacin Juma'a yake, da wata babbar tsamiya wadda inuwarta ke faɗawa kan katangar gidana. Akwai unguwar yamma, inda makarantar firamare take, kuma wani kwari ya raba mu da su, wanda in damina ta yi nisa sai an naɗe wando ake ƙetare shi. Sai gidajen Fulani a arewa, bayan burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Sun daɗe da zama, suna noma kamar kowa, amma ba su rabu da dabbobi ba. Yawan magidanta a kashi ukun kusan ɗaya ne, don haka duk biyun da suka haɗa kai sun rinjayi na ukun. Kowane kashi kuma ya kawo wurinsa: mu muka ce gindin tsamiya, mutanen yamma suka ce bakin makaranta, Fulani suka ce bakin burtali.

Kafin ranar zaman na yi ta zagaye da sunan gaisuwa. Ban tambayi kowa wurin da yake so ba, don wannan na riga na sani. Abin da nake tambaya shi ne, in ba a samu naku ba fa, ina kuka fi so? Mutanenmu suka ce makaranta, domin bakin burtali ya yi nisa, ga kashin shanu. Mutanen yamma suka ce burtali, domin ta can gonakinsu suke, kuma ba sai sun ƙetare kwari ba. Fulani kuwa suka ce tsamiya. Dama nan matansu ke kawo nono, nan mazansu ke zuwa Juma'a, alhali hanyar makaranta duk gonaki ne gefe da gefe, saniya ɗaya ta kauce sai an kwana ana shari'a.

Ina kan keke, ina dawowa daga kasuwar Rano, abin ya faɗo mini. In aka haɗa tsamiya da makaranta, tsamiya za ta ci, don Fulani na bayanmu. In aka haɗa makaranta da burtali, makaranta za ta ci, don mu muna bayan mutanen yamma. Amma in aka haɗa burtali da tsamiya, burtali zai ci, don mutanen yamma za su bi Fulani. Kowane wuri yana da wanda yake kayarwa, yana kuma da mai kayar da shi. Sai da na sauka daga keken na tsaya a gefen hanya ina dariya ni kaɗai, domin na san wannan abin tun ina yaro.

Mu uku ne muka taso tare. Ni, da abokina Bafulatani, wanda mahaifiyarsa ta shayar da ni fura fiye da yadda zan iya tunawa, sai wani ɗan unguwar yamma da ya zama tela daga baya. In mun tashi daga makaranta sai mu yi kokawa a cikin yashin kwari. Ni ina kayar da tela, don yana da ƙiba amma ba shi da sauri. Tela yana kayar da abokina, don ɗaga shi kawai yake yi kamar damin kara. Abokina kuma yana kayar da ni da wata taɗiya da har muka girma ban gano maganinta ba. Saboda haka duk ranar da aka ce za a fitar da sarkin kokawa, faɗanmu ba a kan kokawar yake ba, a kan wanda zai zauna ya jira ne. In na lallaɓa na ce su biyu su fara, tela zai fitar mini da abokina, ni kuma in kayar da tela, in tafi gida ina taƙama.

Abin da na yi wa ƙauyenmu ke nan.

Ranar zaman aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Liman ya buɗe da addu'a, na miƙe na yi bayani. Ardon Fulani, wani dattijo mai sanyin murya, ya tambaya me zai hana a kira wuraren uku, kowa ya ɗaga hannu a nasa, wanda ya fi yawa shi ke nan. Na ce masa in an yi haka, wurin da kashi ɗaya kacal ke so zai iya cinyewa da bambancin hannu biyu ko uku, a bar kashi biyu suna ƙunƙuni. Gara a riƙa haɗa su biyu-biyu, wanda ya faɗi ya fita, wanda ya tsaya ya kara da na gaba, ta haka duk wurin da aka tsayar za a san fiye da rabin jama'a ne suka ɗaga masa hannu. Maganar nan gaskiya ce, kuma shi ya sa ta yi mini amfani. Ardo ya gyaɗa kai ya ce ya gamsu.

Sai wani ya ce to da wane za a fara. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, na ce, "Ranka ya daɗe, tunda tsamiya a ƙofar gidana take, bai kamata in fara da ita ba. A fara da makaranta da burtali, tamu ta jira."

Wallahi har yaba mini aka yi. Liman ya ce haka ake son shugaba. Aka haɗa makaranta da burtali, mu da mutanen yamma muka ɗaga wa makaranta, burtali ya fita. Na ga fuskokin Fulani sun canza, amma ba wanda ya yi musu, don a gabansu aka ƙirga. Aka haɗa makaranta da tsamiya. Abokina yana zaune a bakin tabarma da sandarsa a kan cinya, shi ya fara ɗaga hannu wa tsamiya, har yana ɗaga mini gira, wai ga shi ya yi mini kara. Sauran Fulani suka bi shi. Aka tashi da cewa jama'a sun zaɓi gindin tsamiya, kuma ba wanda ya lura ba a taɓa haɗa ta da burtali ba.

Da na shiga gida ina ba matata labari, ban gaya mata dabarar ba, sakamakon kawai na faɗa. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce ita abin da ya ba ta mamaki, duk waɗanda suka zaɓi wurin ruwan ba mai ɗaukar tulu a cikinsu. Na ce mata wannan harkar maza ce. Ta ce ta gani.

Aka haƙa, ruwa ya fito garai-garai. Damina da kaka ba a ji komai ba, don kowa na da ruwa a kusa. Da bazara ta zo ne abin ya bayyana. Mu 'yan unguwar masallaci taku kaɗan ne mu cika randa. Mutanen yamma suna zuwa da kura da jarkoki, da wahala amma ana yi. Matan Fulani kuwa tun da sassafe za ka gan su a jere da bokitai, su yi layi, su koma, su sake dawowa, ciki har da mahaifiyar abokina, wadda a lokacin gwiwa ta fara damunta. Manyan shanu ana kai su nesa, har wajen garin Fassi, amma maruƙa da tumaki da marasa lafiya ba sa iya tafiyar, sai aka fara kawo su gindin tsamiya. Wurin ya zama taɓo. Wata rana wani maraƙi ya tunkuɗe kaskon mai ƙosai, aka yi ta cacar baki, mutanenmu suka ce kada a ƙara kawo dabba cikin unguwa.

Abokina ya same ni a kan maganar. Ya ce, "Kaɗo, ka yi wa mutanenka magana mana. Ina za mu kai su?" Kaɗo yake kirana tun muna yara, wato Bahaushe a Fillanci, ni kuma in ce masa ɗan nagge, wato ɗan saniya. Ranar ban ce masa ɗan nagge ba. Na gyara tsayuwa irin ta shugaban ƙungiya na ce, "Ai da hannunku kuka zaɓi wurin nan. Kai ma ka riga kowa ɗagawa."

Ya dube ni, ya ce haka ne, ya juya. A duk abin da na yi, wannan maganar ce ta fi ci mini rai har yau. Na kai mutum inda na ga dama, sannan na ce masa shi ya kawo kansa.

Asirin ya tonu ne a wurin suna. Matar tela ta haihu, muka taru a zaurensa ana cin waina, hira ta biyo ta kan ruwa kamar yadda kowace hira ke yi a bazara. Tela, wanda bai san komai ba, yana suɗe yatsa ya ce ai su da an tambaye su tsakanin tsamiya da burtali, burtali za su ɗauka, ko don su huta da kwarin nan. 'Yan unguwarsu suka ce sosai ma. Abokina ya tsaya da loma a hannu. Na ga yana kallon tela, ya kallo ni, ya sake kallon tela. Sai da aka watse ya biyo ni har bakin kwari, daidai yashin da muke kokawa.

"Kaɗo," ya ce, "ka sa mu biyu mun fara, kai ka zauna ka jira."

Na ce ban gane ba. Ya ce na gane. Na shiga rantse-rantse cewa ƙuri'a ce aka yi a gaban kowa, in yana da ƙorafi ya kai wa dagaci. Ya ce ba inda zai kai, shi dai yana so ya ji ko na sani kafin ranar, ko kuwa dacewa ce. Na ce dacewa ce. Ya ce to Allah ya sa haka ne, ya saɓa sandarsa ya tafi.

Daga ranar ya daina tsayawa a ƙofar gidana bayan Juma'a. In mun haɗu zai gaishe ni da sunan Malam, ni da ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Bai gaya wa kowa ba, ko ardo. Mahaifiyarsa ma ba ta sani ba, domin ƙwaryar nonon da take aiko mini ba ta fasa zuwa ba. Takan tsaya da kanta in ta zo ɗiban ruwa, ta ajiye bokiti ta huta a dakalina, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ruwan nan." Ina amsawa da amin, nonon kuma sai in bar shi a ƙwarya. Matata ta lura na daina sha. Da ta matsa na gaya mata komai. Ta ce yanzu duk randar da ta cika sai ta tuna gwiwar Inna, wato mahaifiyar abokina, kuma ni na jawo mata wannan.

Bayan damina biyu Alhajin ya zo gida hutun salla, ya ga layin da ake yi, ya ce zai sa sola da tanki a kan rijiyar, kuma zai ja bututu zuwa wuri guda, mu sake zaɓa. Wannan karon, ban da makaranta da burtali, har da wuri na uku, tsohuwar maƙera da ke kudu, inda wasu 'yan unguwarmu suka yi sababbin gidaje. Dagaci ya sake cewa ni zan jagoranta, tunda wancan karon an tashi lafiya. Ba zan ɓoye ba, kafin in isa gida kaina ya riga ya fara jera wa zai kayar da wa. Hali ba ya fita da wuri.

Da aka zauna, na ce kafin a fara ina da magana. Na ɗauki duwatsu uku na ajiye a kan tabarma, na nuna musu yadda wancan zaɓen ya tafi, da yadda zai tafi da an fara da wasu biyun. Da an fara da tsamiya da burtali, da famfon yana makaranta. Da an fara da tsamiya da makaranta, da yana burtali. Hannuwan da aka ɗaga duk na gaskiya ne, amma wanda ya tsara jerin shi ya zaɓi wurin, kuma ni ne na tsara, ina sane. Tela ne ya fara magana, ya ce, "Amma kai dai ba ka da kirki. Ashe har yanzu ni kake sawa in yi maka aikin." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Dagaci ya ce in zauna, liman zai ja zaman.

An daɗe ana neman yadda za a yi. A ƙarshe ardo ya kawo shawarar da aka bi. Ya ce a daina tambayar mutum wuri ɗaya. A kira kowane wuri, duk wanda zai iya zama da shi ba tare da ya cutu ba ya ɗaga hannu, ko da sau uku zai ɗaga. Ta haka ba ruwan kowa da wanda aka fara kira. Ni kuma daga inda aka zaunar da ni na roƙi a tambayi mata, na faɗi abin da matata ta ce game da tulu. Aka aika cikin gida, uwargidan dagaci ta tara su washegari suka yi nasu. Da aka haɗa, burtali ya wuce sauran da nisa. Da yawa daga mutanen unguwarmu sun ɗaga masa, ba don tausayi kaɗai ba, har da gajiya da taɓon gindin tsamiya.

Daga baya na haɗu da wani malamin lissafi a motar Kano, na ba shi labarin ina jin kamar ni na ƙirƙiro abin. Ya yi dariya ya ce masana sun daɗe da sanin wannan zagayen, kuma in zaɓi ya wuce biyu babu wata hanyar ƙirga da ba ta da inda take yoyo. Ko ta ardon ma, in mutum ya so, zai iya ƙin ɗaga wa wurin da ya yarda da shi don nasa ya ci. Na ɗan ji haushi da ashe ko a zamba ban zo da sabon abu ba. Amma maganarsa ta zauna mini. Tunda ba hanyar da ta cika, abin da ya rage shi ne a amince da hanyar a fili kafin kowa ya san wa za ta ba, kuma mai jan zama kada ya san abin da sauran ba su sani ba ya yi shiru. Yanzu a ƙauyenmu, ko limamin tarawihi za a zaɓa, sai wani ya ce a fara faɗin yadda za a ƙirga, sannan a waiwayo ni ana dariya. Ina karɓa, na ci wannan.

Yau akwai kan famfo biyu a bakin burtali da kwamin siminti na dabbobi. Abokina ya koma tsayawa a ƙofar gidana bayan Juma'a, ya koma kirana Kaɗo. Sai dai ba zaman nan ne ya dawo da shi ba. Ranar da na yi bayanin duwatsu na dawo gida ina jin na sauke kaya, har ina tambayar matata ko ta ji abin da na yi. Ta ce ta ji na koyar da lissafi a ƙofar dagaci, amma ba ta ji an ce na ba wani haƙuri ba. Na tsaya na tuna, na ga haka ne. Na faɗi yadda na yi, ban faɗi cewa na cuci kowa ba.

Sai da aka ja bututun na iya zuwa. Na same shi da hantsi a bakin kwamin yana shayar da maruƙa, Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana wanke ƙore. Na gaishe ta na durƙusa, ya yi kamar bai gan ni ba. Na ce Inna ta tsaya ta ji, don ita ma da ita nake. Sannan na juya gare shi na ce:

"Ɗan nagge, ranar da ka tambaye ni a bakin kwari, ƙarya na yi maka. Na sani tun kafin zaman. Na yi amfani da yardar da ka yi mini, ka ɗaga mini hannu, na dawo na goranta maka da shi. Duk sawun da Inna ta yi zuwa tsamiya da ciwon gwiwa, ni na sa ta. Ba ni da wani bayani. Na cuce ku, ku yafe mini don Allah."